Cutar Mafitsara a Kyanwa da Abin da Kaskon Yashi Ke Bayyanawa

A cikin dabbobin da ɗan Adam ke zama da su a gida ɗaya, da wuya a sami wadda ta kai kyanwa kula da wurin da za ta yi fitsari ko kashi, domin tun tana 'yar makonni uku zuwa huɗu take fara neman ƙasa mai laushi, ta tona rami da ƙafafunta na gaba, ta tsuguna, sannan ta juyo ta shinshina ta binne abin da ta fitar. Saboda haka ne duk ranar da ta bar wannan ɗabi'a, ta koma yin fitsari a kan darduma ko katifa ko tulin kayan wanki, masu gida kan fassara abin da rashin ji ko mugunta, sai a bi ta da tsintsiya, idan kuma abin ya yi yawa a saka ta a buhu a kai ta bayan gari a yar. A gidajen Musulmi haƙurin kan ƙare da wuri, domin ko da yake ita kanta kyanwa mai tsarki ce, haka ma sauran ruwan da ta sha, mafi yawan malamai suna ɗaukar fitsarinta najasa. Ilimin likitancin dabbobi kuwa ya nuna cewa kyanwar da ta sauya wurin fitsari ɗayan uku ke damun ta: ko dai ciwo a mafitsara, ko tsoro da rashin kwanciyar hankali, ko wani aibi a wurin da aka tanada mata. Rarrabe waɗannan abubuwa uku ya zama wajibi a yau, ganin yadda a birane irin su Kano da Kaduna da Abuja da Yamai ake ƙara samun masu tsare kyanwa a cikin ɗakunan da aka shimfiɗa wa tayil, inda babu ƙasar da za ta tona sai wadda aka zuba mata a kasko.

Gadon jeji

Ba za a fahimci mafitsarar kyanwa ba sai an koma ga asalinta. Binciken ƙwayoyin halitta ya tabbatar da cewa kyanwar gida ta fito ne daga kyanwar daji ta Afirka da Gabas ta Tsakiya, wadda masana ke kira Felis lybica, kuma har yau ana samun ta a dazuzzukan yankin Sahel. Dabba ce ta wurare masu ƙarancin ruwa, wadda ke samun mafi yawan ruwan da jikinta ke buƙata daga naman ɓera da tsuntsu da ƙadangare, domin kusan kashi 70 cikin ɗari na jikin waɗannan dabbobi ruwa ne. Wannan ya sa ƙodarta ta ƙware wajen tattalin ruwa, tana fitar da fitsari kaɗan mai kauri, ƙishirwa kuma ba ta saurin tunzura ta zuwa kwanon ruwa kamar yadda take tunzura kare. Likitoci suna auna kaurin fitsari da ma'aunin da ya ba ruwa zalla lamba 1.000, kuma a wannan ma'auni fitsarin lafiyayyar kyanwa kan wuce 1.035, sau da yawa ma ya haura 1.050.

Abin da ya zama tsira a jeji shi ne ya zama rauni a ɗaki. Busasshen abincin kyanwa da ake sayarwa a leda ba ya ɗauke da ruwan da ya wuce kusan kashi 10 cikin ɗari, alhali na gwangwani yana da kashi 75 zuwa 80, kuma kyanwar da ke cin busasshen ba ta cika shan ruwan da zai cike gurbin gaba ɗaya ba. Sakamakon haka fitsarin ya ƙara kauri, ya daɗe a mafitsara, ma'adinan da ke cikinsa su sami damar haɗuwa su daskare. Idan aka ƙara da ƙiba da rashin motsa jiki, waɗanda ke tare da zaman ɗaki, an haɗa manyan abubuwan da bincike ya danganta da cutar mafitsara.

Alamu ɗaya, cututtuka daban-daban

Likitoci suna haɗa dukan cututtukan mafitsara da na bututun da ke fitar da fitsari daga cikinta a ƙarƙashin suna ɗaya, wato cutar ƙasan hanyar fitsari, saboda alamunsu kusan iri ɗaya ne. Kyanwa takan yawaita zuwa kasko tana fitar da ɗigo kaɗan, ta daɗe a tsugune tana yunƙuri, wani lokaci da kuka, fitsarin ya fito jaja-jaja da jini, ta riƙa lasar gabanta da mararta har gashin wurin ya zube, sannan ta fara neman wurare masu sanyi da santsi kamar tayil ko bahon wanka. Dalilin ƙaurace wa kaskon shi ne ta haɗa zafin da take ji da wurin da take jin sa, sai ta tafi neman inda take tsammanin ba zai yi mata zafi ba.

Abu na farko da mutane kan kawo a ransu shi ne ƙwayoyin cuta, kamar yadda ake yi wa mutum zaton ciwon sanyi, amma a kyanwar da ba ta kai shekara 10 ba ba kasafai wannan ke zama sanadi ba, domin kaurin fitsarinta ba ya barin bakteriya su yi sakat. Kamuwa da ƙwayoyin cuta ya fi yawa a tsofaffin kyanwoyi, musamman mata, da waɗanda ciwon ƙoda ko ciwon suga ya tsinka musu fitsari. A matasa da matsakaita kuwa, kusan kashi 55 zuwa 65 cikin ɗari na masu waɗannan alamu suna fama ne da kumburin mafitsara wanda ba a samun ƙwayar cuta ko tsakuwa a tare da shi, kashi 15 zuwa 20 suna da tsakuwa, sauran kuma sun haɗa da masu toshewar bututu da masu ƙari da masu nakasar halitta.

Kumburin da ke farowa daga tsoro

Wannan kumburi da ya fi kowane yawa shi ne ya fi wahalar da masana, kuma babban aikin da aka yi a kansa na Farfesa Tony Buffington ne da abokan aikinsa a Jami'ar Jihar Ohio ta Amurka. Sun gano cewa matsalar ba ta tsaya a mafitsara ba. A jikin irin waɗannan kyanwoyi, sashen jijiyoyin da ke shirya dabba gudu ko faɗa idan ta firgita yana aiki fiye da kima, yayin da sinadaran da ya kamata su kwantar da shi ba sa isa. A lokaci guda kuma siririyar shimfiɗa mai yauƙi da ke lulluɓe cikin mafitsara, wadda ke kare namanta daga zafin fitsari, takan yi rauni, sai fitsarin ya ratsa ya taɓa jijiyoyin da ke ƙasa, su kuma su jawo kumburi da zafi da zubar jini. Ganin cewa waɗannan kyanwoyi kan haɗa da amai da ƙin cin abinci da matsalar fata, a 2011 Buffington ya ba da shawarar a riƙa kallon abin a matsayin larurar jiki duka wadda mafitsara ɗaya ce daga wuraren da take bayyana.

Abubuwan da ke tayar da ciwon ƙanana ne a idon mutum: ƙaura zuwa sabon gida, cikar gida da baƙi lokacin biki ko suna, ƙarar janareto kusa da inda take kwana, yara masu bin ta da gudu, sauyin abinci ko na mai ba ta abincin, da baƙon muzurun da ke zama a kan katanga yana leƙen taga. Mafi tsanani shi ne zama da wata kyanwar da ba sa jituwa, domin gabar kyanwoyi ba kullum take zuwa da cizo da yakushi ba, wata takan kwanta ne kawai a bakin hanyar kasko tana zuba ido, ɗayar kuma ta haƙura ta riƙe fitsarinta. Ciwon kan lafa da kansa cikin kwana 5 zuwa 7, kuma wannan ne ke sa a yaba wa duk maganin da aka bayar a tsakanin, amma yakan dawo wa da yawa daga cikin kyanwoyin kafin shekara ta zagayo. A wani bincike da Buffington ya wallafa a 2006, an bi kyanwoyi 46 masu yawan fama da ciwon har tsawon wata 10 bayan an gyara musu muhalli, wato wurin ɓuya da na hawa da wasa da kasko da tsarin ciyarwa, aka ga alamun sun ragu ƙwarai.

Tsakuwa iri biyu

Tsakuwar da aka fi samu a mafitsarar kyanwa iri biyu ce, kuma bambancinsu yana da muhimmanci wajen magani. Ta farko, siturubait, haɗin magnesiyam ne da amoniya da fosfet, tana fitowa a fitsarin da ba shi da tsami sosai, kuma ana iya narkar da ita cikin 'yan makonni da abinci na musamman wanda likita ke rubutawa. Ta biyu, kalsiyam okzalet, ba ta narkewa da kowane abinci, sai an cire ta, galibi ta hanyar tiyata. Cibiyar nazarin tsakuwar fitsari ta Jami'ar Minnesota, wadda Farfesa Carl Osborne ya kafa a 1981, ta nuna yadda hannun mutum ya juya lissafin: a shekarar da aka buɗe ta kashi 78 cikin ɗari na tsakuwar kyanwa da aka aika mata siturubait ce, okzalet kuwa kashi 2 kacal, amma bayan kamfanonin abinci sun rage magnesiyam sun kuma ƙara wa abincin abin da ke sa fitsari tsami, zuwa 2002 okzalet ta kai kashi 55. Darasin shi ne tsananta maganin ɗaya yana buɗe wa ɗayar ƙofa, don haka bai dace a ɗora kyanwa kan abincin magani ba sai an gwada fitsarinta, an kuma ɗauki hoton mafitsarar don a san abin da ke ciki.

Toshewar bututu a muzuru

Dukan abin da ya gabata yana iya jiran gobe, ban da abu ɗaya. Bututun fitsarin muzuru dogo ne, kuma yana ƙara tsukewa yayin da ya kusanci bakinsa, ta yadda ƙaramar tsakuwa ko dunƙulen majina da ya haɗu da ƙwayoyin ma'adini, ko ma ɗaurewar naman bututun saboda zafi, ya isa ya rufe shi ruf. Daga nan fitsari ya taru a mafitsara, matsin ya koma sama ya tsayar da aikin ƙoda, gubar da ya kamata ta fita ta taru a jini, sinadarin fotashiyam kuma ya hau har ya rikita bugun zuciya. Cikin awa 24 zuwa 48 muzurun ya galabaita, kuma idan ba a buɗe hanyar ba zai iya mutuwa cikin kwana 2 zuwa 3.

Muzurun da ya toshe yakan shiga kasko ya fita sau da yawa, ya tsuguna bayansa a gantsare, jelarsa na rawa, ya tashi yashin a bushe. Bayan haka ya daina cin abinci, ya fara amai, ya ɓuya a ƙarƙashin gado, jikinsa ya yi sanyi. Idan aka shafa mararsa a hankali za a ji mafitsarar ta yi tauri ta cika hannu kamar lemo, kuma ba a matsa ta ko kaɗan, domin tana iya fashewa. Babban kuskuren da ke kashe irin waɗannan dabbobi shi ne a ɗauka taurin bayan gida ne, a ba su mai ko madara a jira. Maganin yana hannun likita kaɗai: a yi masa allurar barci, a zura siririyar roba ta bututun a wanke mafitsarar, a yi masa ƙarin ruwa don a sauko da fotashiyam, a bar robar kwana 1 zuwa 3. Wanda toshewar ke yawan dawo masa akan yi masa tiyatar da ke cire tsukakken ɓangaren a buɗe masa hanya mai faɗi. Akwai asibitocin koyarwa na dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato da Jami'ar Maiduguri, ban da asibitocin dabbobi na gwamnatocin jihohi da na kuɗi, kuma ya kamata mai muzuru ya san wanda ya fi kusa da shi tun kafin buƙata ta taso.

Fesa fitsari daban yake

Akwai kuma fitsarin da saƙo ne ga wasu kyanwoyi. Mai yin sa ba ya tsugunawa, yakan tsaya a miƙe ne ya juya wa bango ko ƙofa ko labule baya, ya ɗaga jela tana karkarwa, ya fesa ɗan fitsari mai tsananin wari, sannan ya wuce ba tare da ya tona ko ya binne ba, kuma yana ci gaba da amfani da kaskonsa kamar kullum. Wannan alamar iyaka ce da neman mata, ta fi yawa a muzurun da ba a fiɗiye ba, kuma fiɗiya tana kawar da ita ko ta rage ta sosai a kusan kashi 90 cikin ɗari na maza. Wanda ya ci gaba bayan an fiɗiye shi, galibi akwai abin da ke ba shi tsoro, kuma wurin da yake fesawa yana nuna inda barazanar take: idan taga ce ko ƙofar waje, baƙuwar kyanwa ce, idan kuma tsakiyar gida ne, rikicin na cikin gida ne.

Kaskon da kyanwa za ta yarda da shi

Kafin 1947 masu tsare kyanwa a ɗaki a Amurka yashi ko toka suke zuba mata, har Edward Lowe na jihar Mishigan ya fara sayar da busasshen yumɓu mai shan ruwa, daga baya a shekarun 1980 aka fito da nau'in yumɓun bentonait wanda ke dunƙulewa idan fitsari ya taɓa shi. Amfanin mai dunƙulewa ya wuce sauƙin kwashewa, domin yana nuna wa mai gida lafiyar dabbarsa kowace safiya. Lafiyayyar kyanwa kan yi fitsari sau 2 zuwa 4 a yini, ta bar dunƙule matsakaita. Ƙanana barkatai masu yawa alamar zafi ce a mafitsara, manya-manya fiye da yadda aka saba suna iya nuna ciwon ƙoda ko na suga, rashin ko ɗaya tun jiya kuwa dalili ne na tafiya asibiti nan take.

Ƙa'idojin da ƙungiyoyin likitocin kyanwa suka amince da su masu sauƙi ne. Adadin kasko ya zarce adadin kyanwoyin gidan da ɗaya, a kuma rarraba su a wurare daban-daban, domin kasko uku a jere a kusurwa ɗaya kyanwa ɗaya za ta iya tare su duka. Tsawon kaskon ya kai tsawon jikin kyanwar sau ɗaya da rabi, daga hanci zuwa gindin jela, yadda za ta iya juyawa ta tona, kuma babban bahon roba yakan fi ƙananan da ake sayarwa dacewa. Tsohuwar kyanwa mai ciwon gaɓoɓi tana buƙatar mai gajeren baki. A zuba yashi mai laushi marar turare, zurfin santimita 3 zuwa 5, a ajiye shi nesa da kwanon abinci da na ruwa, a wurin da babu hayaniya kuma ba za a ritsa ta ba. Rairayin rafi da aka tankaɗe aka shanya yana yi wa kyanwa daɗi, sai dai ba ya dunƙulewa kuma ba ya riƙe wari, don haka dole a riƙa sauya shi akai-akai. A kwashe ƙazanta aƙalla sau ɗaya a yini, wanda kuma kariya ce ga mutane, domin ƙwan ƙwayar cutar toksofilasma da ke fita a kashin kyanwa sai ya kwana 1 zuwa 5 kafin ya iya kama mutum. Duk da haka mai ciki ta bar wannan aiki ga wani, saboda cutar tana iya illata ɗan tayi.

Abin da ake yi da abin da ake gudu

Ruwa shi ne ginshiƙin rigakafi. Kyanwa na buƙatar kusan mililita 50 ga kowane kilo na nauyinta a yini, wato kusan 200 ga mai kilo 4, a haɗe da wanda ke cikin abinci. Ana cim ma wannan ta hanyar ba ta jiƙaƙƙen abinci, da ajiye kwanuka masu faɗin baki a wurare da dama, da sauya ruwan kullum musamman a bazara, da ƙara mata romon nama wanda ba a sa masa gishiri ko dunƙule ba, ba kuma albasa ko tafarnuwa, domin su biyun suna lalata jinin kyanwa. Wurin da ta ɓata a wanke shi da sabulu da ruwa sosai, a guji abin wanki mai amoniya saboda warinsa na kama da na fitsari yana sake jawo ta, a kuma guji magungunan kashe ƙwayoyin cuta masu sinadarin fenol, waɗanda ruwa ke yin fari idan an zuba su, domin guba ne a gare ta.

Gargaɗi mafi girma ya shafi maganin mutane. Hantar kyanwa ba ta da isasshen sinadarin da ke sarrafa farasitamol, don haka ƙwaya ɗaya ta isa ta hana jininta ɗaukar iska, dasashinta ya yi duhu, fuskarta ta kumbura, ta mutu. Sauran magungunan ciwon jiki irin su aibufurofen suna lalata mata ƙoda da ciki. Ba ta maganin kashe ƙwayoyin cuta ba tare da gwaji ba kuwa asarar kuɗi ce a mafi yawan lokuta, yana kuma taimaka wa bakteriya su bijire wa magani. Duka da tsawa da tura hancinta cikin fitsari ba sa koya mata komai sai tsoron mai gidan, tsoro kuma shi ne abin da ke hura wutar ciwon tun farko.

Kyanwar da ke yawo a tsakar gida da bayan katanga ita ke zaɓar ƙasarta da ruwanta da inda za ta guje wa abokiyar gabarta. Wadda aka rufe wa ƙofa kuwa an karɓe mata wannan zaɓi gaba ɗaya, ya koma wuyan wanda ya rufe ta, kuma sanannen hadisin matar da ta shiga wuta saboda ta tsare kyanwa ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba, ya isa ya nuna nauyin wannan amana. Sauke ta bai wuce ruwa mai tsabta, da yashin da aka kwashe, da kusurwar da ba mai firgita ta, da kai ta wurin likita ranar da ɗabi'arta ta sauya, kafin a yanke mata hukunci.